Safiyanu da Bindigar Roba a Falon Hajaratu

"Ni fa a garin Potiskum, daga Bolewa har bakin Kasuwar Shanu, ba a haifi wanda ya kai ni sanin gem ba. Tun zamanin da ake soka kaset nake wannan harka. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya je ya tambayi yayyensa, su suka sha kashi a hannuna!"

Safiyanu ke nan a bencin mai shayi, yana zuba, bakinsa cike da biredi. In ba ka san shi ba, abokina, kunnenka ya huta. Direban Keke Napep ne, siriri kamar sillen kara, amma bakinsa ya fi tirelar shanu ɗaukar kaya. Shi ya naɗa kansa Sarkin Bakan Bolewa, wai saboda wani tsohon gem na harbin tsuntsaye da ake bugawa da bindigar roba lokacin yana yaro. A faɗarsa bai taɓa harbi ya kuskure ba, har mai shagon kan roƙe shi ya bar wa sauran yara ko da tsuntsu ɗaya ne.

Wannan cika baki ne ya faɗa kunnen Alhaji Bubayaro, dillalin shanu, wanda ke shirin buɗe gidan gem a unguwar. Alhaji so yake a riƙa buga irin na da, waɗanda ya yi ta leƙe ta taga yana yaro ba a bar shi ya taɓa ba, amma a kan manyan talabijin na zamani. Manaja kawai yake nema.

"Gobe ka zo gida ka nuna mini," in ji Alhaji. "In abu ya tashi, shago yana hannunka."

Kafin azahar duk Bolewa ta ji cewa Safiyanu ya zama manaja. Kafin la'asar ya kai wa mai keken makullinsa, ya dire masa a kan tabarma, ya ce ya nemi wani, shi yanzu ya fi ƙarfin a riƙa ce masa "sauke ni a nan". Mutumin ya ce to, a ranar ya ba wani keken. Ka ga ke nan, in aikin manajan nan ya kuɓuce, gogan naka ba keke ba shago.

Washegari da hantsi ya iso da buhu a kafaɗa, yana taku kamar wanda aka gayyato daga ƙasar waje. Talabijin ɗin shago ba su iso daga Kano ba tukuna, don haka Alhaji ya shigar da shi falon matarsa Hajaratu, wadda ta tafi suna. Nata talabijin ɗin ya kusa cinye bango guda. Ƙaninta ne ya aiko mata, kuma da ƙyallensa na musamman take goge shi. Oche, abokin Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota, shi ma ya biyo su don ya kashe kwarkwatar ido.

"Ka bi a hankali," Alhaji ya ce ƙasa-ƙasa, duk da ba kowa a gidan. "Wannan talabijin ya fi ni daraja a gidan nan."

Safiyanu ya zazzage buhu: tsohon akwatin gem da ya koma ruwan ƙasa don tsufa, kasa-kasai, wayoyi a cukurkuɗe, da bindigar roba. Oche ya duba, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan wahala na menene? Akwai wani ƙaramin abu kamar yatsa, ka soka a bayan talabijin, duk tsohon gem yana ciki. Ni ma a waya nake buga nawa."

"Jabu!" in ji Safiyanu. "Na yara ne wannan. Gem ɗin da ba a busa shi ai ba gem ba ne. Oche, ka tsaya a kan birki da fulogi, ka bar wa masu abu abinsu."

Ya kama wayoyinsa masu kai uku, ja da fari da rawaya, ya cusa kansa bayan talabijin. Can sai muryarsa ta fito.

"Alhaji, an cuce ku. Wannan talabijin ba shi da rami."

"Ba shi da me?"

"Ramin waya! Duk wasu 'yan tsage ne. Amma kada ka damu, a ba ni filaya in matse kan wayar, dole ta shiga."

Alhaji ya riƙe hannun Safiyanu da hannu biyu, kamar yadda yake riƙe igiyar bijimi mai faɗa. Oche ne ya hau babur ya je kasuwa, ya dawo da wani ɗan akwati da ke haɗa tsohuwar waya da sabon talabijin.

"Yawwa," in ji Safiyanu yana karɓa ba kunya, "abin da nake shirin aikenka ka sayo ke nan, ka riga ni."

Aka haɗa, aka kunna. Allon ya nuna wasu zane-zane kamar tsohuwar atamfa. Sarkin Baka ya yi murmushin masana, ya zare kaset, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Yanzu za ku ga ilimin da ba a koyarwa a makaranta."

Ya cika kumatu ya busa. Abin da ya manta shi ne goro yake taunawa. Tuka ta watsu a kan kafet ɗin Hajaratu, wani ƙaton kyankyaso da ya daɗe da tarewa a cikin kaset ɗin ya fito a fusace, ya bi hannun rigarsa ya shige. Sai ga manaja yana tsalle a tsakiyar falo, yana dukan hammatarsa.

"Wannan ma cikin gem ɗin ne?" Oche ya tambaya.

"Motsa jiki ne," in ji Safiyanu yana haki. "Duk ƙwararre da shi yake farawa."

Abin mamaki, da ya mayar da kaset, sai hoto ya fito. Ga ciyawa, ga sararin sama, ga tsuntsaye suna tashi, ga ɗan kiɗan nan na da. Wallahi sai da idon Alhaji ya kawo ruwa. Ya zauna a gefen kujera, baki buɗe, kamar yaron nan na bakin taga ne ya dawo.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Safiyanu, harbo mini ɗaya!"

"Ɗaya? Alhaji, ka sa a ɗora tukunya."

Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido ɗaya, ya danna. Ƙyas! Tsuntsu ya wuce abinsa. Ƙyas! Ƙyas! Wani ma ya wuce, ko gashinsa bai girgiza ba.

Bari in gaya maka abin da gogan bai sani ba. Irin wannan bindiga da tsohon talabijin mai ƙaton ƙeya kaɗai take aiki. A kan shafaffen talabijin ɗin nan na zamani, ko maharbin duniya ne kai, ba abin da za ka samu. Amma ina Safiyanu zai yarda akwai abin da ya shige masa duhu?

"Haske ne ya yi yawa. A saki labule."

Aka saki. Ƙyas! Ba komai.

"Fankar nan ce take kaɗa harsashin. A kashe ta."

Aka kashe, zafi ya rufe su. Ƙyas! Ƙyas! Tsuntsaye sai shawagi suke kamar sun san da wa suke yi.

"Sarkin Baka," in ji Oche, "ko in je in kamo maka kaza a ɗaure, ka fara da ita?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi Safiyanu irin kallon da yake yi wa saniyar da aka yaba masa, ya buɗe bakinta ya ga ba haƙori.

"Anya kuwa kai ne manajan nan?"

Safiyanu ya ƙara damƙe bindigar. Ya tuna keken da ke hannun wani, ya tuna 'yan bencin mai shayi. Zufa ta karyo masa. Sai ya koma wa tsohuwar dabarar yara: ya matsa, ya ƙara matsawa, har ya manna bakin bindiga a jikin allon.

"Kada ka taɓa!" Alhaji ya miƙe.

"Haka ake yi! Bari ka gani!"

Ƙyas! Tsuntsun ya bi ta ƙarƙashin bakin bindigar ya wuce.

"Na gano!" Safiyanu ya yi ihu. "Talabijin ɗin ne ya yi taurin kai. Duk wanda ya tashi a zamaninmu ya san maganinsa."

Gaskiyarsa ta nan, mu duka mun san maganin. Talabijin ɗin da in ya fara iskanci, mari ɗaya ake ba shi a gefe ya dawo hayyacinsa. To amma wancan katako ne da gilashi mai kauri. Wannan ko gefen da za a mara ba shi da shi. Da Safiyanu ya nemi gefe ya rasa, sai ya ware hannu ya ba shi a fuska.

Tas!

Allon ya tsage kamar yanar gizo. Wani baƙi ya malalo daga tsakiya, da ratsin kore da shuɗi. A can kusurwar sama, inda ta rage lafiya, tsuntsu ɗaya na ta kai da kawowa, kiɗan kuma bai fasa ba. Alhaji ya ɗora hannu a ka yana salati da Fulatanci da Hausa a haɗe.

"Salamu alaikum. Na manta turmin zanen mai jego ne, shi ya sa na..."

Hajaratu ce a bakin ƙofa. Ta dubi labule a sake, ta dubi tukar goro a kafet, sannan idonta ya sauka a kan bango.

"Hajiya," Safiyanu ya ce da wata siririyar murya, "tsuntsun ne. Gudu yake yi, sai ya yi karo da gilashin ta ciki."

Ta watsa masa harara. Sannan ta juya ga mijinta.

"Alhaji, wannan ne manajan naka?"

"Wa? Wannan?" in ji Alhaji. "Ni ban san shi ba. Na zaci tare suke da Oche."

Hajaratu ta ajiye jakarta a hankali, ta miƙa hannu. Safiyanu, don rashin sanin abin yi, ya ɗora mata bindigar da ladabi. Ta juya ta, ta riƙe ta ta baki, ta sauke masa gindinta a tsakiyar ka.

Ƙwas!

Oche ya miƙe tsaye yana tafi.

"Alhamdu lillahi! Tun safe ake harbi, sai yanzu bindigar nan ta samu wani abu!"