Guzurin Dutsen Hange

A Dajin Ruguma kowa ya san matsayinsa, wanda ya manta kuwa ba ya rasa mai tuna masa. Toron Giwa ne Sarki, Dila ne Waziri, Shaho kuma shi ne Sarkin Tsaro. Manyan dawa suna zaune a Fadama, inda ruwa ba ya yankewa ko da rani. Ƙanana, su bushiya da kurege da gafiya da ɓera, suna can Faƙo, inda ƙasa ta yi tauri, ƙaya ta fi ganye yawa.

Akwai tsohuwar doka da ake alfahari da ita. Duk kaka, kowane gida yakan kai kasonsa Rumbun Gayya, daga ciki ne ake fitar da guzurin kai 'yan ajin ƙarshe ziyarar Dutsen Hange. Daga ƙolin dutsen nan ana ganin dajin gaba ɗaya, da kogunansa da iyakokinsa. Wanda bai hau shi yana yaro ba, ba a ba shi sarauta ko kujera a majalisa, domin an ce bai san dajin da zai mulka ba. Dokar ta ce kowane ɗa na daji za a kai. Ba ta dai faɗi shekara ba.

Malama Tabawa bushiya ce, kuma shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa a Makarantar Faƙo, ƙarƙashin wata aduwa mai rowar inuwa. Sau goma sha ɗaya ta ga 'yan Makarantar Fadama sun wuce a kan ɓaunaye suna waƙa. Sau goma sha ɗaya aka aiko mata cewa bana rumbu bai cika ba, sai baɗi. A shekara ta goma sha biyu ta nemi iso a majalisa.

Aka zauna da hantsi a gindin gamji. Da aka kira ta, sai da Waziri ya nuna wa Sarki inda take, don bai hango ta ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji ta. "Ban zo da ƙarar kowa ba. Mutanen Faƙo ba su taɓa fashin kai kasonsu rumbu ba, har a shekarar da fara ta cinye mu. Ina da ɗalibai ashirin a ajin ƙarshe. Ina koya musu kogi, ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba. Ina koya musu iyakar daji, suna tsammanin ita ce bayan gidansu. Roƙona ɗaya ne, a kai su bana kamar yadda ake kai 'yan'uwansu."

Sarki ya kaɗa kunne, alamar ya ji. Waziri ya miƙe, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, maganar Malama ta taɓa ni ƙwarai. Abin kunya ne a ce rumbun kowa yana ciyar da makaranta ɗaya, ya bar ɗaya. Majalisar nan ba za ta lamunci bambanci ba. Shawarata ita ce, daga yau kada a ƙara ba kowace makaranta ko ƙwaya ɗaya ta guzuri. Fadama ta nemi nata, Faƙo ta nemi nata, an zama daidai ke nan. Rumbu kuwa ya tsaya ga abin da ya shafi kowa, wato gyaran hanya, da tsaro, da harawar ɓaunaye, tunda su ma'aikatan fada ne."

Raƙumin Dawa, shugaban Makarantar Fadama, ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce sun karɓi wannan sadaukarwa hannu biyu. Iyayen yaransu, in ji shi, za su ƙoƙarta. Majalisa ta ɗauki sowa.

"To ɓaunayen fa, ranka ya daɗe?" Malama Tabawa ta tambaya. "Mu ma za su ɗauke mu?"

"Ƙofa a buɗe take," in ji Waziri. "Duk makarantar da ta biya ladan ɗauka, za a ɗauke ta. Ba mu hana kowa ba."

Ladan ɗaukar ya fi abin da Faƙo take nomawa a damina biyu.

Ta koma ta tara iyaye, ta faɗa musu yadda aka yi. Sai Kuluwa, wata kurege da mijinta ya rasu, ta ce, "Malama, in babu ɓauna ai akwai ƙafa. Ni Ladiyo kaɗai gare ni, kuma kullum sai ta tambaye ni ina rana take kwana. Na gaji da ce mata ban sani ba. Ki kai ta ta gani."

Haka aka yi. Wannan ta kawo gyaɗa, wancan ya kawo busasshiyar fara, wata tsohuwar gafiya ta tono ƙwayar dawar da ta ɓoye don bazara. Malama Tabawa ta san abincinsu na wata biyu ne aka ɗaure a ganye, amma ba ta ce a mayar ba. Ita kanta ba ta taɓa ganin dutsen ba, kuma tana so ta gani, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba.

Hanyar da ɓauna ke yi kafin azahar, gajerun ƙafafu kwana uku suka yi a kanta. Yaran ba su yi ƙorafi ba. Ladiyo ce kullum a gaba, ta ruga ta dawo da labari: ta ga itace mai jan fure, ta ga sawun wani abu mai yatsa uku, Malama mene ne? Rabin tambayoyin Malama ba ta san amsarsu ba.

A rana ta uku suka iso. Dutsen ya tashi sama har sai da yaran suka kwanta rigingine kafin su ga ƙarshensa. A bakin hanyar hawa akwai shinge, a bakin shingen akwai Tunku mai gadi.

"Sannunku da hanya," in ji shi. "Ina ganyen izini?"

"Wane ganye, Malam?"

"Mai sawun Waziri. Duk makarantar da ta zo sai ta nuna."

"Ba a ce mana haka a majalisa ba."

"Ai tare da dokar daidaito ya fito, Malama. A wurin biyan ladan ɗauka ake bayarwa." Ya dubi yaran, ƙafafunsu duk sun farfashe, ya kawar da kai. "Wallahi ba ni na sa ba. In na bar ku, gobe wani ne a nan."

Ta roƙe shi har rana ta karkata. Daga can sama ana jin dariyar 'yan Fadama, da suka iso tun hantsi. Suna shan kanya suna jefo ɓawon ƙasa. Guzurin Faƙo ya kusa ƙarewa, sai wasu daga cikin yaran suka lallaɓa suna tsintar ɓawon. Malama Tabawa ta yi kamar ba ta gani ba.

"Malama, daga nan ma ai mun gan shi," in ji Ladiyo. "Zan ce wa Inna babba ne."

Suka juya. A rana ta biyu ta komawa, da tsakar rana, suna tsallaka wani fili da babu ko ciyawar ɓuya, inuwa ta gifta a kansu. Malama Tabawa ta ɗaga kai. Ta ga fiffike, ta ga giɓi a na hagu inda gashi biyu suka fita. Ta so ta yi ihu, ta so ta ruga wurin Ladiyo da ke gaba. Amma jikin bushiya ya riga tunaninta, ta dunƙule. Da ta warware, yara goma sha tara ne a filin, sun ƙanƙame juna, babu mai iya kuka.

Ita ta je ta gaya wa Kuluwa da bakinta, har da dunƙulewar, ba ta rage komai ba. Kuluwa ba ta zage ta ba. Abu ɗaya ta tambaya, "Ta hau?" Malama ta ce a'a. Kuluwa ta shiga raminta.

Majalisa ta nuna alhini matuƙa. Sarki ya sa aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya naɗa kwamitin bincike, ya ba Sarkin Tsaro shugabanci, tunda a fanninsa abin ya faru. Shaho ya hau reshen gamji, ya buɗe fukafukansa ya gyara zama. Malama Tabawa ta dubi na hagun, ta ga giɓin nan.

"Malama, kin ga fuskar wanda ya yi wannan aika-aika?" Shaho ya tambaya a tausashe.

"Na ga fiffikensa, ranka ya daɗe. Akwai giɓi a na hagu."

Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi reshen. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

"Lokacin zubar gashi ne," in ji Waziri. "Rabin tsuntsayen dajin nan suna da giɓi. Ki faɗa wa majalisa, sa'ad da aka ɗauki yarinyar, ina idonki yake?"

"Na dunƙule."

"Ta dunƙule," ya maimaita, yana juyawa ga taro. "Ya ku manyan daji, ba za mu tsananta wa baiwar Allah ba, halittarta ce. Amma wanda bai gani ba, ba ya shaida. Abin da muka tabbatar shi ne, an fita da yara ashirin babu izini, babu rakiya, babu isasshen guzuri. Ran ɗan Faƙo yana da daraja a wurinmu daidai da na ɗan Fadama, don haka ba za mu bari a sake wasa da shi ba."

Aka yanke hukunci uku. Babu makarantar da za ta ƙara fita sai da rakiyar jami'in tsaro. Za a ƙara kason da kowane gida ke kaiwa rumbu, don ɗaukar nauyin rakiyar. Malama Tabawa kuwa an yafe mata, za ta ci gaba da aikinta, domin babu wanda ya nemi gurbin.

Bayan kwana bakwai Sarkin Tsaro ya zo Faƙo da kansa don isar da hukuncin, abin da aka ce babbar karramawa ce. Ya sauka a kan aduwa ana tsakiyar darasi. Yaran suka matso bayan Malama har ƙayarta tana sukarsu.

"Kada ki karaya, Malama," in ji shi bayan ya gama karantawa. "An ba ni makarantarki. Duk ranar da kuka tara guzuri da lada, ni da kaina zan raka ku, zuwa da dawowa."

"Mun gode, ranka ya daɗe."

Ya karkata kai, ya bi yaran da ido ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

"Su nawa ne yanzu?"

"Goma sha tara."

"Masha Allah," in ji Shaho. "Suna girma."