Hular Kwano Ba Ta Nuna Gemu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da masu manyan babura suka yada zango a Kontagora. Ranar ce na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Maigidana, Baban Ummi, makanikin babura ne. Wani mataccen babur ya saya, ƙaton nan mai ƙara kamar injin niƙa, ya yi ta haɗa shi har ya tashi. Sai ga labari wai masu irinsa za su taso daga Legas da Ilorin, su bi ta garinmu su wuce Sakkwato wani babban taro, kuma da shi za a tafi. Tun da ya faɗa mini abinci ya daina yi mini daɗi. Ummi fa ko yaye ba a yi mata ba! Abu ɗaya nake nema, ya yi mini alkawari ba zai yi gudu ba. Amma da na ɗauko zancen sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ki yi addu'a." (Addu'a kam ina yi. Alkawarin ne ban samu ba.)

Ranar tafiya ya sulale tun ina wa Ummi wanka. Da rana tsaka sai muka ji gari ya ɗauki ruri kamar hadari ya taso. Na goya yarinya, na zari mayafi, na ɗauki ƙullin dambun naman da na yi masa, na bi yara a guje zuwa gidan man bakin titi.

Jama'a, in faɗi gaskiya, har na manta da tsoro! Babura jere reras, ja da kore da baƙi, tayar wani ta kai faɗin turmi. Wani ya murza nasa sai da ƙirjina ya amsa. 'Yan acaba sun bar fasinja suna kallo baki buɗe, masu rake da masu awara sun samu kasuwa, har wata mata na gani da nata babur ɗin, na ce ikon Allah! Ummi a bayana sai tsalle take tana tafi.

Matsalar ita ce duk kamarsu ɗaya: baƙar riga, safar hannu, hular kwano mai baƙin gilashi. Amma ni ai ba a ɓoye mini abu. Can gefe na hango jan tankinmu mai lotsawa, ga mutum a kai sanye da rigar da ni da kaina na ɗinke mata gwiwar hannu. Na ce yau dai ba inda za ka tsere.

Na matsa, na cusa masa ƙullin a cinya, na ƙwanƙwasa hular da ɗan yatsa kamar mai gwada kankana.

"Angona, wato guduwa ka yi ko? To ka saurare ni. In ka yi gudu ban yafe ba."

Na ɗauka dariya yake yi mini a cikin hular, sai na ɗan mintsine shi a hannu. (Na mintsine shi, jama'a!)

"Kada ka ga ina wasa. Gudun nan a jininku yake. Ai Inna ta ba ni labarin Baba, yadda ya yi karo da jaki a hanyar Ibeto, har yau in ya yi dariya ana ganin giɓin. Kada ka gado shi!"

Sai hannu ya tashi a hankali, ya ɗaga gilashin.

Farin gemu na fara gani. Sannan giɓin.

Baba ne, surukina. Mutumin da tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga bayan ƙofa nake yi a durƙushe. Ashe rakiya ya zo, ganin baburan ya tuna masa ƙuruciya, ya ce a sa masa kayan a ɗauke shi hoto. Mai ɗaukar hoton kuwa Baban Ummi ne, yana tsaye a gabanmu da waya, ya toshe baki kafaɗunsa sai rawa suke.

Na zube a nan kan siminti, na ja mayafi na rufe fuska. "Ba... Baba, ina kwana," na ce, rana kuwa ta take.

"Lafiya lau, 'yata," in ji shi. "Amma ki gyara labarin. Ba jaki ba ne, bijimin sa ne. Kada ki rage mini daraja a gaban baƙi."

Wurin ya kece da dariya, har 'yan Legas da aka fassara musu. Sai Baba ya juya wajen ɗansa, ya daina murmushi.

"Kai, zo nan. Saƙonka ne aka kawo, ni na karɓi mintsinin. Faɗa mata ba za ka yi gudu ba, ina ji."

"Na yi alkawari, Baba."

"Ba ni ba. Ita."

Ya durƙusa kusa da mayafina ya faɗa. Kuma ya cika, don da suka dawo abokansa sai tsiya suke masa wai shi ne kullum a wutsiyar ayari.

Ni dai na yi makonni ina zagaye ta bayan gida don kada mu haɗu da Baba. Abin da na koya kuwa shi ne, 'yar'uwa, ko kin san babur kin san riga, kafin ki kira mutum angonki, ki bari ya fara yin sallama.