Kwat ɗin da Darakta Ya Ɗinka da Hannunsa

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar baki, to a fara da Darakta, a kuma rufe da shi, don in ya karɓi lasifika ba a samun lokacin kiran na biyu. Shekara da shekaru ya riƙe sashen tsare-tsare na wata ma'aikata, kuma ba a taɓa buɗe taro, ko sabon famfo, ko banɗakin da aka yi wa fenti ba, sai ya tofa albarkacin bakinsa. Ma'aikatansa, saboda tsabar ƙauna, suka raɗa masa suna A Taƙaice, domin da zarar ya ce "a taƙaice dai", masu wayo sun san lokacin fita shan iska ya yi, za su je su dawo bai kai rabi ba. Da sunan ya iso kunnensa daɗi ya ji har ransa. Ya ce ai ga shi mutane sun gane shi ba mai son ɓata lokaci ba ne.

Ranar da ya yi ritaya suka haɗa masa kyautar yadi, ruwan toka mai duhu, mai laushi a hannu, daidai ɗinkin kwat ɗaya ba ƙari. Ya yi musu godiya har masu shara suka fara kife kujeru.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba da zaure cike da kunnuwa, yanzu kunne biyu kacal suka rage masa, na Hajiya matarsa, su ma ɗin sun daɗe da koyon rufe kansu ba tare da an sa yatsa ba. Ya sake wa cokula tsari a kicin. Ya yi wa tsintsiya wurin zama na dindindin. Hajiya ta fara addu'ar Allah ya kawo masa abin yi, kuma ta manta ba ta faɗi irin wanda take so ba.

Wata rana ya shiga kantin kayan ɗinki sayo mata zare, sai idonsa ya faɗa kan wasu ambulan jere a kanta. Takardun yanka ne da kamfani ke bugawa: a ciki an zana kowane ɓangare na riga, gaba da baya da hannu da wuya, ka shimfiɗa a kan yadi ka bi layi da almakashi, ga kuma bayani mataki bayan mataki. A bayan ambulan ɗin kwat akwai hoton wani dogon mutum, cikinsa a shafe, hannu ɗaya a aljihu, yana kallon nesa. Darakta ya dubi mutumin nan ya ga kansa sak.

Kada mai karatu ya yi saurin dariya. Mu da tumbi ke riga mu shiga ɗaki mun san wannan ciwon. Kowannenmu yana yawo da wani hoto a zuci wanda aka ɗauka tun yana saurayi, kuma shi yake gani in ya tsaya gaban madubi.

Ya dawo gida da ambulan har da ƙari, zaren kuwa ya manta. A ranar ya ƙwace keken ɗinkin Hajiya, ya mamaye teburin cin abinci, ya sa wa falon suna Sashen Ɗinki. Sannan ya tsaya a tsakar ɗaki, tef ɗin awo rataye a wuya, ya yi wa Hajiya da labule jawabi.

"Abin da ya kashe sana'ar hannu," in ji shi, "rashin tsari ne. Tela ya dube ka, ya ƙiyasta da ka, ya tsaga yadi. Wannan ai caca ce. Amma dubi nan, Hajiya. Komai a rubuce. Masana sun zauna, sun auna ɗan Adam, sun gama. A taƙaice dai, daga yau wannan gida ya yi sallama da tela."

Ya fara gwaji da rigar girki. Aljihun ya fito ta ciki, ya ce da gangan ne, saboda ɓarayi. Ya yi wandon barci, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya ce daɓen ɗakin ne bai daidaita ba. Amma a faɗi gaskiya, mutumin yana da naci. Ya farke, ya sake, ya soki yatsunsa da fil har suka daina kawo ƙara, kuma sannu a hankali ɗinkinsa ya miƙe. Hajiya ta sa rigar da ya yi mata ta fita unguwa, ba wanda ya yi mata jaje.

Ana cikin haka aka kira shi daga tsohuwar ma'aikatarsa. Za a yi taron karrama waɗanda suka yi ritaya, kuma shi ne zai yi magana a madadinsu. Kafin ya ajiye wayar ya gaya wa wanda ya kira cewa zai zo cikin kwat ɗin da ya ɗinka da hannunsa, da yadin da suka ba shi. Ya bi tsofaffin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya ya sanar da su. Har mai gadi ya sami labari. Ya rufe wa kansa duk wata ƙofar janyewa.

To, takardar yanka tana da wata ɗabi'a. Kowane ɓangare an zagaye shi da layuka da yawa, wani cikin wani: na ciki don sirara, na waje don mu bayin Allah. Kai za ka zaɓi naka ka yanke a kai. In ka yanke a na ciki, na waje sun tafi ke nan, ba su dawowa.

Hajiya ce ta auna shi. Ta zagaya masa tef a ciki, shi kuma ya ja numfashi ya riƙe, ya ɗaga haɓa yana kallon nesa kamar mutumin ambulan. Ba ta karanta lambar ba. Ta tsaya kawai tana jira, don ita mace ce mai haƙuri. Idanunsa suka yi ja, jijiyar wuya ta tashi, can ya saki, tef ya zame a yatsunta ya yi tafiya mai nisa. Sai a lokacin ta faɗi lambar. Darakta ya ce tef ɗin ya tsufa, ya ƙanƙance, kuma shi ya san awonsa tun kafin ya aure ta.

"Darakta," ta ce, "ka yanke a layin waje. In ta yi yawa a rage. In ta yi kaɗan fa?"

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da yake yi wa ƙananan ma'aikata in sun kawo shawara. Ya bayyana mata cewa duk rayuwarsa ta aiki yaƙi ya yi da almubazzaranci, ba kuma zai fara shi a kan yadin karramawa ba. Ya ɗauki almakashi ya bi layin da zuciyarsa ke so. Manyan layukan suka zube ƙasa siri-siri, Hajiya ta share su ta kai bola. Ya kafe takardar a kan yadi da fil, ya yanka. Da ya haɗa ɗinkin, sai ya ga bayanin ya ce a rage ɗan rarar yadin da ke saura a bayan kowane ɗinki don ya kwanta lafiya. Nan ma ta ce ya bari, ko za a buƙaci saki. Ya aske rarar tas, tunda a rubuce take.

Kwat kam ta yi kyau, wannan ba zambo ba ne. Kafaɗa ta zauna, wuya ya kwanta, shafin ciki sumul, maɓallai a jere. A jikin maratayi ba ta da aibu ko ɗaya. Ya jira Hajiya ta fita kasuwa, ya kulle ƙofa, ya zura hannuwa. Suka shiga da ƙyar, suka maƙale a baya kamar an kama shi da laifi. Maɓalli da ramin maɓalli suka tsaya suna hangen juna, tumbi a tsakani. Ya daɗe yana kallon madubi, kuma a karon farko ya ga wanda ke ciki. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, don yadi ya ƙare, takarda ta yanku, gari kuma ya ji. A ransa ya ce, kai A Taƙaice, ka tsara wa ma'aikata guda shekaru masu zuwa, ka kasa auna cikinka.

Wannan a ɗaki ne. Da Hajiya ta dawo ya sanar da ita cewa gwaji ya yi nasara, takarda ba ta yi kuskure ba, jiki ne ya ɗan kauce wa tsari, kuma za a dawo da shi kan layi. Ya bar shinkafa, ya bar sukari a shayi, ya shiga zagaya unguwa da sassafe yana huci. Sau da yawa Hajiya takan same shi tsaye gaban firji a buɗe, ya ce duba lafiyar injin yake yi. Ya rame a fuska, ya rame a wuya, har zobensa ya fara juyawa. Tumbin ne dai ya ƙi ba da haɗin kai, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ranar taro maɓalli ya shiga, bisa sharaɗi. Numfashi sai kurɓi-kurɓi, ba sunkuyo, ba ɗaga hannu sama da ƙirji. Hajiya ce ta ɗaure masa takalmi. Jawabin da ya kwana biyu yana rubutawa ya ƙi shiga aljihun ciki, don ko katin gayyata ba shi da masauki a wurin, dole ta sa shi a jakarta. A mota ya zauna a karkace, ƙafa a miƙe, kamar katakon da aka ɗauko daga kasuwa.

Zauren ya cika. Kowa ya yaba kwat, wasu har suna shafa hannunta, shi kuwa yana amsawa da ka, abin da mutane suka ɗauka dattaku ne ya ƙaru. Aka kira shi. Ya taka a hankali ya tsaya gaban lasifika, ya dubi kunnuwan nan da ya yi kewa, ransa ya yi fari. Ba ya ma buƙatar takarda, jawabin yana kansa, da gabatarwa da tarihi da shawarwari ga na baya. Ya buɗe ƙirji zai ja irin numfashin nan nasa na farawa, sai ya ji wani ɗan sauti a tsakiyar bayansa, ɗis, zare ɗaya ya yi sallama. Ya tsaya cak. Ya sake gwadawa a hankali. Ɗis.

Nan fa ya gane ciniki ne aka kawo masa, ko jawabi ko kwat. In ya zaɓi jawabi, kafin ya gama gaishe da manyan baƙi zai tsaya gaban duk waɗanda ya yi wa alfahari da baya a buɗe. Gumi ya karyo masa. Ya tattara 'yar iskar da ta rage.

"A taƙaice dai," ya ce. Masu wayo suka fara miƙewa. "Mun gode. Allah ya bar zumunci."

Ya sauko. Waɗanda suka kai bakin ƙofa suka tsaya da hannu a kan mariƙi. Sauran suka zauna jiran ci gaba, da aka ga da gaske ya nufi kujerarsa sai tafi ya ɓarke. Mutane suka miƙe tsaye. Wasu na buga tebur. Duk shekarun da ya yi yana jawabi ba a taɓa yi masa rabin wannan ba. Kafin ya isa wurin Hajiya har ya fara tunanin ai dama magana ba yawa ba ce, nauyin mai yin ta ne, kuma zai yi wa Hajiya cikakken bayani a kan haka in sun koma gida.

Sai ga tsohuwar sakatariyarsa, wadda ta tsufa tana buga jawabansa, ta iso idonta da ƙwalla. Ta rantse ba ta taɓa jin jawabinsa da ya ratsa ta kamar na yau ba. Sannan ta dubi maɓallin da ke rawa a kan cikinsa, ta tambaya ko da gaske shi ya ɗinka. Ya tabbatar mata, yana kumbura iya abin da kwat ta yarda.

Ta rage murya, ta nuna dandamali da haɓa. Sabon darakta ne ya hau, yana buɗe wani fayil mai kauri, yana gyara lasifika.

"Yallaɓai, ka taimaki na baya. Mu za mu kawo yadin. Ka ɗinka masa irinta, awon nan dai, ko ma ka ɗan rage."

Darakta ya dubi sabon darakta, ya dubi masu wayo da suka fara sulalewa, ya tuna duk tafin da aka taɓa yi masa da lokacin da ake yin sa, wato daidai sa'ad da ya rufe baki. Wani abu ya taso masa daga ciki. Hajiya ta gani, ta ce a hankali kada ya kuskura, amma dariya ta riga ta iso. Ya yi ta har kafaɗunsa na girgiza, kwat ta tsage daga wuya har ƙasa, maɓalli ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujerar wani.

Iska ta shiga ƙirjinsa ta cika shi taf, irin wadda za ta ɗauki jawabi har la'asar, sai dai ba wanda ya nema. Hajiya ta buɗe jaka ta miƙo masa takardun jawabinsa. Ya karɓa, ya jingina bayansa da kujera sosai, ya shiga yin fifita da su.