Ranar da Mai Balangu Ya Biyo Ni Ɗakin Taro

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na yi wa'azin ganye a ofishinmu na Unguwar Sarki ba. A shekarar ce shugabarmu, Hajiya Binta, ta dawo daga asibiti da hawan jini da kuma sabuwar doka: kowane ma'aikaci sai ya riƙa cin ganye da 'ya'yan itatuwa. Aka kafa kwamiti, aka ba ni shugabanci, ba don na san komai ba, sai don ina da baki. Ta kuma ce in na riƙe shi da kyau ni za a tura taron bita Abuja. Ni kuwa ban taɓa kwana a otal da sunan aiki ba.

Na ɗauki abin da zafi. Na sa aka ajiye tiren lemo da ayaba a bakin ƙofa. Lokacin cin abinci nakan zaga ina leƙa kwanon mutane, har suka laƙaba mini Malam Zogale (a bayan idona, amma ina ji).

Ran nan aka tara kowa a ɗakin taro bayan azahar, Hajiya a gaba tana ɓare lemo. Na miƙe na zuba bayani. Na ce kitse maƙiyi ne, na ce ni kaina wata uku rabona da nama (Allah Ya yafe mini), daga kwaɗon rama sai salak. Aka ɗauki tafi.

Ana cikin tafin aka yi sallama. Malam Tanko ne, wani dattijo mai balangu daga Badarawa, wanda kullum yake miƙo mini nama ta ƙofar baya. Ya tarar an rufe ta, maigadi ya nuna masa inda nake. Ya shigo da ƙunshinsa, mai har ya ratsa takardar, ƙanshin yaji ya cika ɗakin.

"Yallaɓai, ga naka na kullum," in ji shi. "Mai kitse ne. Na tsince albasa da tumatir da kabejin kaf, tunda ka ce ba ka son ciyawa a nama."

Ciyawa. Kalmata ce, a bakina ya ji ta.

Hajiya ta ajiye lemonta, ta tambaye shi ko jiya ma ya kawo. Ya ce ai ba fashi, ran Juma'a ma ninki biyu nake karɓa. Sannan dariya ta ɓarke. Kunya ta rufe ni, na tsaya riƙe da ƙunshin yana ƙona mini hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Abuja dai Malama Rakiya mai buga takardu ce ta tafi, wadda ba ta taɓa leƙa kwanon kowa ba, ita dai kullum da kwaɗonta a jaka.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin ka hau mumbari ka tsine wa nama, fara sanar da mai balangunka.