Ranka Ya Daɗe, Ba Mutum Ba Ne

Jiya Laraba da ƙafa na ƙarasa ofis, domin mai ya ƙare wa mai babur a rabin hanya, layin gidan mai kuwa ba a ganin ƙarshensa. Ina shiga na tarar da wani layin a bakin tagarmu. Jama'a sun cika baranda suna jiran takardar haihuwa, kwamfutoci kuma sun kafe a kan magana ɗaya: ba ka da izinin shiga.

A gaban layi maƙwabciyata ce, Yaya Mai Ɗinki. Ranar Juma'a makaranta za ta rufe ɗaukar ɗalibai, in babu takardar nan 'yarta sai baɗi.

"Ke 'yar boko, kwana biyu ina rufe shago. Ba ke ce mai kwamfutar ba?"

"Ni ce, Yaya."

"To hannun ne babu?"

Hannu akwai, jama'a, izini ne babu. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta aikin nan, amma izinina na kallo ne kawai, kamar kaza a bakin rumbu.

Ga yadda aka yi. Duk sunayen da muke rubutawa suna cikin wata babbar na'ura a ɗakin baya. Manhajar da ke buga takardu ita ma tana da sunan shiga da kalmar sirri irin na kowa, da su take buɗe rumbun bayanan. Wanda ya haɗa mana ita ya sa mata suna "Mai Hidima". Ba ya makara, ba ya zuwa biki, ba ya ciwon kai ranar Litinin.

To sai Mai Girma Shugabanmu, Dodon Ma'aikatan Bogi, Allah ya ƙara wa rigarsa sitaci, ya kafa kwamitin tantancewa. Kwana uku suka yi a otal suna tantance kaji. Ranar Litinin aka kira ni da jerin masu izinin shiga. Mai Girma ya ɗora yatsa a kan wani suna.

"Wannan Mai Hidima ɗan wane sashe ne? Ba fayil, ba hoto, kuma kullum yana ciki."

Ni da ba na iya haɗa ido da manya, na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ba mutum ba ne."

Ya buga tebur. "Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa! Ba mutum ba ne!"

"Ina nufin na'ura ce ke..."

Tafi ya cinye sauran maganata. Nan take aka soke shi, aka ɗauki hoto.

A jinjina wa kwamitin, domin sun yi aiki da tsantseni. Direban Mai Girma yana da cikakken izini, an bar shi. Surukin Mai Girma da ba ya ma aiki a nan, an bar shi. Tsohon shugabanmu da ya rasu shekara uku da suka wuce shi ma an bar shi, tunda yana da fayil, yana da hoto har da murmushi. An bar jaki ana dukan taiki.

Da abu ya tsaya cak, na rubuta takarda ina neman izinin minti biyar in mayar da Mai Hidima. Mai Girma ya rubuta a kai: "A duba." Mataimakinsa ya rubuta: "An gani." Da rana aka fara maganar sayo sabuwar na'ura daga waje, har da tawagar mutum tara da za su je su gano ta.

Jiyan, bayan Yaya ta gama da ni, ina zaune na yi tagumi sai Baba Masinja, wanda ya ga shugabanni bakwai a ofishin nan, ya ajiye tsintsiya.

"'Yata, abin nan na sirri kike nema? Marigayi ba ya riƙe komai a kai. Leƙa ƙarƙashin aljihun teburinsa."

Ga kalmar sirrinsa nan kuwa manne da salatif: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na yi wa marigayi addu'a, na shiga da sunansa, na mayar da Mai Hidima bakin aiki. Kafin la'asar injin buga takardu ya yi tari ya tofo ta Yaya.

Ta juya takardar gaba da baya. "Wa ya gyara?"

"Marigayi."

"Allah ya jiƙansa. Da ransa ma bai taɓa sallamata da wuri haka ba."

Yau da safe an liƙa sanarwar yabo ga Mai Girma bisa ceto ofis. An kuma rubuta wa Mai Hidima takardar tuhuma kan fashin aiki na kwana biyu, aka ce in kai masa hannu da hannu, ya sa hannu ya dawo da ita. Tana nan cikin jakata. In ya ƙi amsawa, zan roƙi marigayi ya sa baki, tunda su biyun ne kaɗai ke aiki a gidan.