Toshiya a Ƙahon Kaka

"...da gajiya kuma, angona? Ko da yake ina gajiya ga mutumin da aikinsa goge ƙarfe."

Tsohon bai ɗago ba. Asabar ce da hantsi, kuma kowace Asabar yakan shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin baranda, ya fito da ƙahon tagullarsa daga akwati, ya bi shi da tsumma lungu-lungu. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya yana buga hatimi, amma ba wanda ke kiransa da wannan aikin. Mai Ƙaho ake ce masa, domin babu yaron unguwar da bai ji labarin yadda ya tsaya a sahun gaba na 'yan badujalar makarantarsu ba.

"Amarya ke nan," in ji shi. "Wata biyu ba ki leƙo mijinki ba. Har na fara neman wadda ta fi ki tsawo."

"Wa za ta ɗauke ka? Haƙoranka a kofi suke kwana."

"Su ma hutu suke yi, sun yi wa ƙasa aiki. Me ya kawo ki?"

Jikar tasa ta jingine jitarta a bango ta zauna. Tun da zafi ya shigo aka kafa dandamali a filin shaƙatawa na gari. Kowane ƙarshen mako makaɗa baƙi masu yawo gari-gari suna sauka da manyan motocinsu, 'yan gida kuma su buɗe musu fage. Bana ƙungiyarta ta samu shiga. Ta zaro takardar talla ta baje masa a kan jaridar.

Ya gyara tabarau. Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu na yamma. Ya yaba da rubutun, ba kuskure ko ɗaya. Sai idonsa ya sauka layin ƙarshe: Tare da baƙo na musamman, Mai Ƙaho, gwanin busa na zamanin da.

Ya karanta sau biyu. Tsumman ya zame daga hannunsa.

"Wane Mai Ƙahon?"

"Ku nawa ne a garin? Waƙa ɗaya kawai za ka busa mana. An manna ɗari uku, har a ƙofar gidan wayarku."

"Ni ba na busa wa mutanen da ke cin gyaɗa suna ihu. A zamaninmu zama ake yi a nutse."

"Zan ce su ajiye gyaɗar."

"Likita ya hana ni."

"Likita gishiri ya hana ka. Ina wurin."

"To ranar ina da jana'iza."

"Ta wa?"

"Ba a sani ba tukuna. Sa'o'ina da yawa suna kan hanya."

Ta yi dariya har ta buge tebur, kafin ya ankara kuma ta sure ƙahon. Ba a taɓa yi ba. Ko marigayiya matarsa ba ta taɓa kai hannu kansa ba.

"Ajiye, ke. Wannan ba abin wasan yara ba ne."

"Bari in ji muryar abin da ya sace zuciyar kakata."

Ta kafa baki ta hura. Kumatunta suka cika, idanunta suka yi ja, ko ɗan sauti bai fito ba. Ta sake gwadawa. Ta cire bakin ƙahon ta ɗaga shi saitin rana, ta leƙa ciki da ido ɗaya. Sannan ta zare tsinken gashinta ta shiga zungura. Tsohon yana kallon tattabarun da ke kan wayar lantarki kamar yau ya fara ganin tsuntsu.

Wani ɗan abu baƙi ya faɗo kan takardar talla, ya gangara ya tsaya daidai kan sunansa. Toshiyar kwalba ce da aka fere da wuƙa.

"Kaka. Mene ne wannan?"

"Maganin ƙura."

"Kaka."

Ya cire tabarau ya naɗe, ya ajiye. Shekara sittin da ɗaya yana jiran wannan tambayar, ya kuma sha shirya amsoshi masu kyau, amma duk suka watse.

"Malamin kiɗanmu ne ya sa ta," in ji shi. "Mutumin kirki, mai kunne. Ranar farko da na busa, jakin mai kawo mana itace ya amsa daga bayan katanga. Rana ta biyu ya zo da kansa har bakin taga. Rana ta uku malam ya kira ni ofis, ya ce ban da ni babu mai tsawo a ajin, babu mai guga irin tawa, babu mai taka sawu daidai. Ya ce sahun gaba nawa ne, da sharaɗi ɗaya."

"Kada ka busa," ta ƙarasa masa.

"Na yi alkawari, amma bai yarda da ni ba. Shi ne ya fere wannan."

"Shekara nawa?"

"Huɗu. Yatsuna ba su taɓa kuskure ba, ki sani. Kumatu kuwa, babu mai kumbura su kamar ni. Da muka gama makaranta ya ba ni ƙahon kyauta, ya ce bai taɓa samun ɗalibin da ya taimaki kiɗa kamar ni ba."

Ta riƙe ciki. "To kakata da ta ce busarka ce ta sa ta kuka a wajen fareti?"

"Wani gajere ne a bayana. Ba a ganinsa sam. Allah ya saka masa, duk ku jikokinsa ne a gaskiya."

Sai da ta share hawaye sannan ta iya magana.

"To ai da sauƙi, angona. Ka tsaya gaba da gugarka, mai busarmu ya tsaya bayanka. Shi ma gajere ne."

Ya kalli ƙahon. Ya ga kansa a kan dandamali cikin farar kwat, baƙin makaɗa suna leƙowa daga gefe, jama'a suna tafi. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya ji kunyar daɗin.

"A'a. Sau ɗaya na yi wannan na samu mata. In na sake, wata za ta biyo ni, ga shi ke ma kin fi ƙarfina." Ya mayar da bakin ƙahon, ya goge inda yatsunta suka taɓa, ya kwantar da shi a akwati ya tura mata. "Kai wa gajeren naku. Zan hau dandamalin, tunda kin riga kin manna ni a bango, amma ni zan faɗa musu da bakina kafin ya busa. Gara su yi dariyar ina tsaye."

"Kaka, da gaske ka ba mu?"

"Ki ce masa ya riƙe da kyau. Sabo ne fil, sau biyu kawai aka yi amfani da shi."

Ta rungume akwatin, ta ɗauki toshiyar ta jefa a jaka.

"Wannan kuma tawa ce, bar min," in ji shi.

"Ina zuwa da ita ranar. In jawabinka ya wuce minti biyu, na san inda zan sa ta."

Tsohon ya yi dariya har sai da ya tare haƙoransa da hannu.