Rasuwar Jinjiri, Babur ɗin da Ya Shanye Dawar Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Rilwanu Sada, malamin kimiyya a Karare, yake sanar da rasuwar babur ɗinsa da aka fi sani da Jinjiri. Ya cika ranar Talata da hantsi a hanyar Batsari, bayan jinyar da mai shi ya haɗa masa da hannunsa.

Marigayin ya yi shekara goma sha ɗaya yana hidima. Ya ɗauki gero, ya ɗauki akuya, ya kai mai naƙuda asibiti sau uku, bai taɓa cewa uffan ba.

Ajali ya faro ranar da fetur ya gagari talaka, Malam ya ce mai ilimi ba ya bin layin mai. Ya kwashe dawar da za ta kai iyali kaka, ya jiƙa ta ta yi tsami, ya dafa a ganga, ya tare tururin a jarka. Wari ya cika unguwa har liman ya sauya hanya. Malam ya yi ta rantsuwa man babur ne, ba burkutu ba.

Saura cire ruwan da ke cikin man, kayan aikin kuwa babu su ko a Safana. Sai ya ari dabarar matarsa Zulaihat wajen kamu: ya bar abin da ke jarkar ya kwanta, ya tsiyaye na sama a kwata, wai shi ne ruwan. Zulaihat ta ce na sama da na ƙasa duk ɗaya take gani. Ya tuna mata ko aji uku ba ta gama ba.

Marigayin ya sha, don bai saba gardama ba. Mako uku yana tari, Malam yana ƙara masa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce fut-fut, ƙwarr. Makanike ya buɗe cikinsa, tsatsa ta yi masa sallama.

Ya bar mai shi yana zuwa makaranta a ƙasa, madubi ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya shida, da rumbun da ɓera ma ya yi ƙaura daga cikinsa.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa a sikelin 'yan gwangwan, Malam ne zai tura gawar da kansa. Masu ta'aziyya su ci abinci kafin su taho, domin dawar sadaka marigayin ya riga ya shanye. Wanda ya rage tuwo a gidansa ya taho wa yaran da shi.